Albasa tana ƙetare iyaka, haƙƙin ɗan ƙwadago fa?

Albasar da ake nomawa a Aliero, Jega da Maiyama ba a gida take tsayawa ba. Manyan motoci suna kai ta kudancin Nijeriya har da ƙasashen maƙwabta. Kafin buhu ya hau mota, hannaye da yawa sun taɓa shi: masu dashe, masu ban ruwa, masu feshi, masu cira da 'yan dako. Wa ke kāre haƙƙinsu sa'ad da ƙasashe suke shirya dokokin ciniki?

Abin da ƙasashe suka shirya

A taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Singafo a 1996, ƙasashe masu tasowa sun ƙi a haɗa haƙƙin ma'aikata da dokokin ciniki. Tsoronsu shi ne ƙasashe masu arziki su fake da wannan su hana kayansu shiga kasuwa. Sai aka bar zancen a hannun Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya.

A 1998 wannan ƙungiya ta tsayar da haƙƙoƙi 4:

• 'yancin kafa ƙungiya da daidaita lada tare
• hana aikin tilas
• hana bautar da yara
• hana nuna bambanci a wurin aiki.

A 2022 ta ƙara na 5, wato yin aiki a wurin da ba ya cutar da lafiya.

Inda gizo yake saƙa

Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka a Yamai a 2019. Wannan yana buɗe wa kaya hanya, amma ladan lebura yana hannun dokar gida. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, sai dai dokar ba ta shafi masu aikin gona na lokaci-lokaci ba, ko wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Yawancin masu aikin albasa suna cikin waɗannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sai sun haɗa kai za a ji su.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Wa ke yanke ladan yini a ƙauyenku? Mata da maza ɗaya ake biyansu?
• Yara nawa suke barin makaranta lokacin cirar albasa?
• Idan maganin feshi ya kwantar da lebura, wa ke biyan kuɗin asibiti?
• Wace ƙa'ida ɗaya za ku iya tsayarwa da masu gona kafin dashe mai zuwa?