Shaf ɗin motarka ya karye? Ga yadda za ka canza shi a gida

Yawancin ƙananan motocin da ke jigila tsakanin Illela da Sakkwato, da masu kwaso 'yan kasuwa daga ƙauyuka ranar Lahadi, irin su Golf 3, Corolla, Sharon da Vectra, tayoyin gaba ne ke jan su. Ƙarfin inji yana fitowa daga giyabos, ya bi ta wasu ƙarafa biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, ya isa taya. Su ne makanikai ke kira shaf. Kowane shaf yana da kai biyu. Kan waje yana shiga hob, shi ke lanƙwasawa idan ka karya sitiyari. Kan ciki yana shiga giyabos, yana shiga yana fita yayin da mota ke hawa da sauka a gargada. An cika kowane kai da giris, an rufe shi da roba.

Wannan robar ita ce ran shaf. A ƙasa irin tamu mai rairayi da zafin rana, roba kan bushe ta tsage, ko ƙaya da kututturen gona su yage ta. Da ta yage giris zai watse, yashi ya shiga ya riƙa cin ƙarfe har kan ya mutu. Yashin nan kuma shi ne babban abokin gabarka a lokacin gyara: yana iya nutsar da jak mota ta faɗo, yana iya shiga sabon shaf ya kashe shi tun bai yi wata ba. Wanda ya kiyaye waɗannan biyu, kuma yana da kayan aiki da haƙuri, zai iya aikin nan a ƙofar gidansa, ya huta da neman mai jan mota daga Illela zuwa Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya.

Tabbatar shaf ɗin ne

Idan ka karya sitiyari sosai kana tafiya a hankali, ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga wajen taya, kan waje ne ya ci. Idan mota na girgiza lokacin da ka taka totur, ta daina da ka ɗaga ƙafa, zargi kan ciki. Leƙa bayan taya: baƙin giris da ya fantsama jikin wili alama ce roba ta yage. In kuwa ka sa giya, inji na ruri, mota ba ta motsi, sai ƙarar ƙarfe a ƙasa, to shaf ya karye ko kansa ya tarwatse. Kulochi da ya ƙone ma yana hana mota tafiya, amma shi da ƙauri yake zuwa, ba da ƙarar ƙarfe ba.

Sayen wanda ya dace

Shaf ɗin hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba. Na mota mai giyar hannu sau da yawa ya bambanta da na otomatik. Hanya mafi aminci ita ce ka fara cire tsohon, ka tafi da shi wurin mai kayan gyara, ko nan Illela, ko Sakkwato, ko Ƙonni, ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano. Jera su biyu a ƙasa ka gwada tsawo. Ƙirga haƙoran kowane kai ɗaya bayan ɗaya. Idan motarka na da birkin ABS, mai yiwuwa akwai zobe mai haƙora a kan waje; shi ma ƙirga, domin bambancin haƙori zai kunna maka fitilar ABS ya rikita birkin. In ɗan Beljiyam za ka saya, matsa robar ka duba lungunanta, ka murɗa kan da hannu. Wanda ke lako-lako ko yana cijewa, bar musu kayansu. Araha ba ta ado. Haɗa da sabon noti na tsakiya, da man giya irin wanda littafin motarka ya ce.

Kayan aiki da wurin aiki

Kana buƙatar jak, da ƙafar ƙarfe ta tallafe mota, da soket na notin tsakiya (lamba 30 ne a Golf 3 da yawancin Corolla, 32 ko 36 a Honda), da dogon hannun soket da bututun ƙarfe na ƙara masa tsawo, da sifanu, filaya, guduma, ƙaramin kurfi, ƙarfen ɓanɓara, waya, daro na tarar mai da tsumma mai tsabta.

Nemi wuri mai siminti kuma shimfiɗaɗɗe. In babu sai ƙasa, sa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak da ƙarƙashin ƙafar ƙarfen. Kada ka yarda ka ɗora mota a kan bulo. Bulo na rugujewa ba sallama. Kada kuma ka sa kanka ko hannunka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka fara da sassafe kafin ƙarfe ya ɗau zafi, ka guji ranar da iska ke tashi da ƙura. Shimfiɗa buhu ko kwali, duk abin da ka kwance ka ajiye a kai, jere yadda ka ciro shi.

Cire tsohon

Ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya da duwatsu gaba da baya. Wannan wajibi ne, domin idan shaf ya karye, giya ba ta riƙe mota, ko da otomatik ce an sa ta a P.

Tun mota na ƙasa, cire murfin wili ka kai ga babban notin tsakiya. Wani da fin ake kulle shi, sai ka miƙar da fin ɗin ka zare da filaya. Wani kuma an dasa bakinsa cikin tsagin shaf, sai ka ɗago wurin da kurfi. Sa wani ya taka birki, kai kuma ka sassauta notin da dogon hannu. Sassautawa kawai za ka yi. Kada ka tura motar bayan haka, domin notin nan ne ke matse boris ɗin taya, tafiya ba shi tana lalata boris. Sassauta notocin taya, ɗaga mota, sauke ta kan ƙafar ƙarfe, ka girgiza ta da hannu ka ji ta zauna daram. Cire taya ka tura ta kwance ƙarƙashin motar, ta zama kariya ta biyu.

Yanzu sai a samar wa hob hanyar buɗewa waje. A yawancin motoci za ka kwance bol-joyin na ƙasa daga hannun da yake kai, wani lokaci har da kan tayarod. A Golf 3 ƙusoshi uku ne ke riƙe da bol-joyin. Zana alama a gefensu kafin ka kwance, don ka mayar daidai, saitin taya kada ya goce. Lura da tiyon birki da wayar ABS, kada nauyin hob ya ja su. In ka cire kan birki, rataye shi da waya a jikin sifirin.

Warware tsohon notin zuwa bakin shaf har ya yi daidai da ƙarshensa, ɗora guntun katako, ka buga a hankali har shaf ya ja baya. Bugun ƙarfe kai tsaye yana baje bakin, ya ƙi fita. Cire notin, jawo hob waje, zare kan shaf.

Kan ciki iri biyu ne. A Corolla da Honda cusa shi ake yi, wani ɗan zobe na ƙarfe ya kama shi a ciki. Ajiye daro a ƙasa, sa ƙarfen ɓanɓara tsakanin kan da jikin giyabos, ka yi masa fizga ɗaya mai kaifi, zai fito. Kada ka kama sandar shaf ka ja. Kan zai rabu biyu a cikin roba, rabi ya tsaya maka a giyabos. Ka kuma kula bakin ƙarfen kada ya taɓa sil ɗin mai. A Golf kuwa ƙusoshi shida ne suka ɗaure kan da faifan giyabos, masu rami mai tsini 12. Share ramin tas, buga makullin da ya dace ya zauna sosai kafin ka murɗa. Makulli mai kusurwa shida zai cinye ramin, aikin sa'a biyu ya zama na kwana biyu. Wasu motocin suna da boris a tsakiyar shaf ɗin dama da aka ɗaure jikin inji, sai an kwance shi tukuna.

Da shaf irin na cusawa ya fita, toshe ramin giyabos da tsumma mai tsabta. Ƙwayar yashi ɗaya ba ta da wurin zama a nan.

Sa sabon

Haska fitila ka duba sil ɗin. In ya tsage ko dama yana yoyo, canza shi yanzu da hanya take buɗe. Shafa ɗan man giya a haƙoran kan ciki da bakin sil. Riƙe shaf a miƙe, juya shi kaɗan har haƙora su shiga juna, sannan ka tura da ƙarfi har ka ji zoben ya kama. Kama kan da kansa ka ja: idan ya biyo hannunka, bai zauna ba, sake turawa. Shaf da bai zauna ba zai fice a hanya, mai ya tsiyaye, giyabos ya ƙone. A Golf kuwa ƙusoshin nan shida za ka mayar ka ɗaure.

Shigar da kan waje cikin hob, ɗaura sabon noti da hannu, mayar da bol-joyin da tayarod a kan alamarka, da kowane fin a wurinsa. Sa taya, sauke mota, sannan ka ɗaure notin tsakiya. Kowace mota da ma'auninta: Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana son 216 Nm a notin tsakiya, 103 Nm a notocin taya. Ari sifana mai awo don wannan matakin. Tsalle a kan bututu ba awo ba ne. Ya yi sako-sako boris ya mutu, ya wuce kima ma haka. Kulle notin da fin ko ka dasa bakinsa.

Cika man giyar da ya zube. Taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa. Zagaya fili a hankali, sitiyari a karye hagu, sannan dama, kana saurare. Dawo ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai. Kada gwajinka na farko ya zama da fasinja a hanyar Gwadabawa.

Inda ya kamata ka tsaya

Idan notin tsakiya ya ƙi motsi, ko guntun shaf ya karye a cikin giyabos, ko ka ga garin ƙarfe a man da ya zubo, ko ba ka da abin tallafe mota mai aminci, kira makanike. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma kuɗin aikinsa bai kai kuɗin giyabos ba, balle lafiyarka.

Bayan ka gama, ɗauki wannan al'ada: duk lokacin da za ka canza baƙin mai, karya sitiyari har ƙarshe ka duba robobin nan huɗu, ka shafa lungunansu da yatsa. Ka ƙara dubawa bayan damina, da duk sanda ka kutsa cikin gona ko rairayi mai zurfi. Idan ka tarar da tsaga kafin ƙara ta fara, wanke kan, cika shi da baƙin giris na shaf, sa sabuwar roba da maɗauranta na ƙarfe. Roba da giris kuɗinsu kaɗan ne a kan kuɗin shaf, kuma mai motar da ke dubawa da wuya shaf ya karye masa a hanya.