GIDA SHI NE MAKARANTAR FARKO: NASIHA GA IYAYE

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa masu albarka, darasinmu na yau a kan abin da ke faruwa ne tsakanin lokacin da yaro ya dawo daga makaranta da lokacin da zai kwanta. Da yawanmu mun ɗauka in an biya kuɗin Islamiyya, an ɗinka kayan makarantar boko, to an sauke nauyi. Alhali awannin da yaro yake yi a gida sun fi waɗanda yake yi gaban malami. In gidan babu littafi, babu hira, babu mai amsa masa tambaya, wayar yayansa ce za ta cike wannan gurbin, kuma kowa ya san abin da ke cikinta. Allah Ya umurci muminai, a aya ta 6 cikin Suratut Tahrim, da su tsare kansu da iyalansu daga wuta, kuma malaman tafsiri sun ce tsarewar tana cikin ilmantar da su da yi musu tarbiyya. Uba da uwa ake magana da su kafin kowa.

ABIN DA MAGABATANMU SUKA BARI

Jama'ar Dandin Mahe, Shagari da Bodinga ba su da buƙatar zuwa nesa neman misali. A Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Bodinga. A cikin Nurul Albab, Shehu ya soki malaman da ke tara ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Shi kansa ya karantar da na gidansa. Sakamakon haka ne aka samu Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bar rubuce-rubuce da Larabci, Fulatanci da Hausa.

Ku dubi yadda ta yi da matan karkara. Ta kafa tsarin 'Yan Taru: dattijan mata da ake kira jaji suna zuwa wurinta daga ƙauyuka tare da 'yan mata, su koyi waƙoƙin ilimi, ta naɗa wa jaji malfa, su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje. Babu aji, babu benci. Tsakar gida ce da tabarma, da harshen da mutane ke ji.

A zamanin kusa kuma, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne tun farko, kuma ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa don yara su san ƙasarsu cikin sauƙi. Wato koyar da yaro da harshensa, da abin da kunnensa ke so, tsohuwar hanya ce a wannan yanki.

NA FARKO: LITTAFI A CIKIN ƊAKI

Ban da allo da Alƙur'ani, ban da Ƙawa'idi, Ahalari da Ishmawi, ya kamata gida ya samu littattafan da yaro zai ɗauka don jin daɗi. Ga mai koyon baƙi akwai Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Ga wanda ya fara ja akwai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1937, labarai ne gajeru, ɗaya ya isa dare guda. Sai littattafan sira da ƙissoshin Annabawa da aka rubuta da Hausa.

Sharuɗɗa uku: ka karanta littafin kafin ka miƙa shi, domin ba kowane abu mai bango ne ya dace da yaro ba. Ka karanta da murya, bayan Isha, ko da minti 15 ne. In ka gama ka yi tambaya: “Me ya sa sarkin ya yi fushi? Da kai ne me za ka yi?” Uwar da ba ta iya boko ba kada ta ja baya. Ki sa babbar ɗiyarki ta karanta, ke ki yi tambayar, ki ƙara da tatsuniyar da kika ji wurin kakarki. Yaron da ya ga mahaifinsa riƙe da littafi ba sai an yi masa wa'azin karatu ba.

NA BIYU: KARATUN HALITTA

A Suratul Gashiya Allah Ya ja hankalin mutane su dubi raƙumi, sama, duwatsu da ƙasa. Akwai surori masu sunan ƙudan zuma, tururuwa da gizo-gizo. A Bukhari an ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan yi wa wani ƙaramin yaro, ƙanen Anas ɗan Malik, raha yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsunsa. To mu da muke zaune tsakanin gona da fadama, wane uzuri gare mu? Ga darussa biyar da ba su cin ko sisi:

1. Gawo. Ka kai yaro gindinsa da damina, sauran itatuwa sun yi kore shi ya kaɗe ganye. Ku koma da rani, ya yi kore shar. In ya ce “Baba, don mi?”, ka nuna masa amfanin haka ga manomi: inuwarsa ba ta danne gero lokacin da yake buƙatar rana, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobi suna cin 'ya'yansa su kwanta ƙarƙashinsa da rani su bar kashi. Shi ya sa iyayenmu ba su sare shi a gona.

2. Shamuwa. Ku rubuta ranar da aka fara ganinta a gari, da ranar da ruwan farko ya sauka. Tsuntsuwa ce mai ƙaura: tana sheƙa a wajenmu da damina, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Shekara uku kuna rubutawa, yaro zai ga da idonsa dalilin da ya sa ake ce mata mai busharar damina.

3. Wake a gwangwani. Ku huda gindin gwangwani biyu, ku zuba ƙasa, ku shuka wake. Ɗaya a rana, ɗaya cikin ɗaki mai duhu, ruwa daidai. Bayan kwana 10 na duhun zai yi tsawo, siriri, fari-fari, na ranar ya yi kauri da kore. Nan yaro ya gane cewa tsiro da haske yake haɗa abincinsa.

4. Inuwar sanda. Ku kafa sanda a tsakar gida, ku yi zane a ƙarshen inuwarta lokaci bayan lokaci. Tana raguwa har ta tsaya, sannan ta fara ƙaruwa: rana ta yi zawali, Azahar ta shiga. In inuwar ta kai tsawon sandar, ban da inuwar da ta rage lokacin zawali, La'asar ta shiga. Ga fiƙihu ga lissafi a zama guda.

5. Wata da taurari. Yaro ya zana siffar wata kowane dare, daga jinjiri har ya cika har ya ɓace. Shi da kansa zai ƙirga 29 ko 30. Ku nuna masa Kaza da 'ya'yanta, ku nuna masa gamzaki da asuba.

Ku saya masa littafin rubutu guda na wannan aikin kawai. Kwanan wata, abin da ya gani, da zane. In ba ka san amsar tambayarsa ba, ka ce “mu je mu tambayi kakanka”, ko malamin kimiyyarsu. Kada ka ƙaga masa amsa, kada kuma ka daka masa tsawa. Yaron da aka kore shi sau uku ya daina tambaya, wanda ya daina tambaya kuma karatunsa ya tsaya.

HATTARA

A Amurka da Ingila akwai iyayen da ke cire 'ya'yansu daga makaranta gaba ɗaya su koyar da su a gida. Ba wannan muke kira gare shi ba. Yaro ya je Islamiyya, ya je boko, mace da namiji, gida ya zama mai ƙarfafa abin da aka koya. Haka nan kada a bar yara su fita daji su kaɗai, musamman a wannan hali na tsaro, kada su sa hannu a rami saboda maciji da kunama. A hana su wanka a ruwan tafki da ke kwance, domin nan ake ɗaukar tsargiya. Kuma a koya musu tausayi: a kalli sheƙa ba a rusa ta ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu ya isa gargaɗi.

Ya kai uba, hirar majalisa ba za ta ƙare ba, amma ƙuruciyar ɗanka tana ƙarewa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka fara yau da labari guda bayan Isha, ranar Juma'a da yamma kuma ka kama hannunsa ku je gindin gawo.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su zama sanyin idanunmu duniya da lahira, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wanda ya karanta ya isar wa ɗan uwansa. Wallahu a'alam.