Abin Da Ke Rage Wa Auduga Daraja

Manomi a Girei yakan yi mamaki idan ya kai audugarsa kasuwa aka taya ta ƙasa da ta maƙwabcinsa, alhali nauyinsu ɗaya. Dalili shi ne mai saye ba nauyi kaɗai yake dubawa ba. Yana duban tsawon silin audugar, da ƙarfinsa, da haskenta, da tsabtarta.

A da, malamin duba ne yake rarraba auduga a fuloti, lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, kowace da farashinta. Tun da aka rushe Hukumar Cinikin Auduga, mai hedkwata a Funtuwa, cikin 1986, wannan tsari ya yi rauni, aka shiga gauraya mai kyau da maras kyau.

Babbar ɓarna kuwa ita ce buhun leda, irin na takin zamani. Zarensa yakan tsinke ya shige cikin auduga, injin gurza ba ya iya fid da shi, kuma ba ya kama rini. Sili ɗaya tak ya isa ya ɓata turmin atamfa. Saboda haka masaƙa takan rage kuɗin dilar baki ɗaya, ragin kuwa a kan manomi yake ƙarewa.

A riƙa tsinkar auduga bayan raɓa ta bushe, a ware mai tabo daban, sa'an nan a zuba ta cikin buhun yadi.