Ƙaddara ko Ganganci? Nazarin Lafazin Bayar da Labarin Haɗarin Mota a Hausa da Matsayin Matasan Direbobi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Hausawa suke tsara jimla idan suna ba da labarin haɗarin mota, musamman wanda gudun wuce sa'a ya haddasa, kuma matashi ne yake riƙe da sitiyari. An fara da bayanin abin da gudu yake yi wa mota da jikin ɗan'adam, da dalilan da suka sa matasa suka fi faɗawa cikin wannan masifa. Daga nan aka ƙwanƙwance kalmomi da jimloli da karin maganganun da aka saba ji a irin wannan hali. Maƙalar ta gano cewa harshen Hausa yana da rumbun kalmomi biyu, na sallamawa da na ɗora alhaki, amma lafazin ta'aziyya ya mamaye fagen bayar da labari, har ya kasance ana cire direba da aikinsa daga cikin jimla.

1.0 Gabatarwa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 suke rasa rayukansu a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Kashi 92 cikin ɗari na waɗannan mace-mace suna aukuwa ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, alhali kimanin kashi 60 cikin ɗari na motocin duniya ne suke can. Yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Likitoci da injiniyoyi sun daɗe suna nazarin wannan matsala. Sai dai akwai ɓangaren da ya rataya a wuyan manazarta harshe, wato abin da ake faɗa bayan ƙura ta lafa. Lafazin da al'umma take bayyana wani al'amari da shi yana nuna inda ta ajiye laifi, kuma yana da hannu wajen abin da za ta yi a gaba. Misalan da aka kawo a nan jimloli ne na yau da kullum da ake ji a tashoshin mota da zaman makoki da labaran rediyo.

2.0 Abin da Gudu Yake Yi

Kafin a auna lafazi, ya kamata a san haƙiƙanin abin da lafazin yake magana a kai. Ƙarfin da mota mai tafiya take ɗauke da shi ba ya ƙaruwa daidai da ƙarin gudu. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon yana ninkuwa sau huɗu, haka ma tazarar da birki yake buƙata kafin mota ta tsaya. Motar da take gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa, wadda take kan 140 kuwa tana cin kusan mita 39.

A ƙaddara motoci biyu iri ɗaya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a kan 100, ɗaya a kan 140, sai direbobin suka hango tirela ta gitta, suka taka birki lokaci guda. A daidai wurin da ta farko za ta tsaya cak, ta biyu tana kan gudun kusan kilomita 98 a sa'a. Buga abu mai ƙarfi da irin wannan gudu daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 38. Wannan lissafi bai san gwani ba, bai san ɗan koyo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin ɗari. Mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a kan gudun kilomita 65 ya fi wanda aka buge a kan 50 fuskantar mutuwa da ninki huɗu da rabi. A kan irin wannan ma'auni dokokin hanya na Nijeriya suka ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 kuma a tagwayen hanyoyi.

3.0 Matashi a Bisa Sitiyari

Abubuwa uku suke taruwa a kan matashin direba. Na farko ƙarancin gogewa. Iya juya sitiyari da sauya giya abu ne da ake koya cikin makonni, amma hango haɗari kafin ya iso, kamar sanin cewa yaro zai iya biyo bayan akuyar da ta tsallaka titi, yana buƙatar shekaru. Na biyu halitta. Masana ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da auna sakamako da danne sha'awa, ba ya kammala girma sai wajen tsakiyar shekarun ashirin. Na uku idon abokai. A wani gwaji da Gardner da Steinberg suka wallafa a 2005, an sa mutane wasan tuƙi a kwamfuta, sai aka ga matasa sun ƙara yin kasada idan tsararrakinsu suna kallo, fiye da yadda manya suka yi. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 sun fi waɗanda suka kai 20 shiga haɗari mai kisa da kusan ninki uku, idan aka auna da nisan tafiyar da kowa ya yi.

Bahaushe ya riga ya lura da wannan hali tun kafin zuwan mota. Shi ya ce "ƙuruciya dangin hauka", ya kuma ce "yaro bai san wuta ba sai ya taka". Wasan mota da samari suke yi a wasu bukukuwan aure a biranen Arewa ya tara abubuwan nan uku wuri guda: ga ɗan koyo, ga zafin jini, ga 'yan kallo suna sowa. Ana iya kallonsa a matsayin magajin sukuwar dawaki, domin manufar ɗaya ce, wato nuna bajinta a bainar jama'a. Bambancin shi ne doki yana da ido da tsoro, yakan kauce ko ya turje, mota kuwa ba ta da ko ɗaya.

4.0 Rumbun Kalmomi Biyu

Kalmomin da ake amfani da su a wannan fage sun kasu gida biyu. Gida na farko na sallamawa ne: ƙaddara, ajali, wa'adi, tsautsayi, ƙarar kwana. Ukun farko an aro su daga Larabci, kuma suna ɗauke da nauyin aƙida. A nan ake samun maganganu irin su "tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Gida na biyu na ɗora alhaki ne: ganganci, sakaci, garaje, rawar kai, gudun wuce sa'a, aron hannu. A nan kuma ake samun "sauri ya haifi nawa", da "sannu ba ta hana zuwa", da "wanda bai ji bari ba ya ji hoho".

Abin lura shi ne lokacin da ake buɗe kowane rumbu. Kalmomin alhaki sun fi fitowa kafin aukuwar abu, a matsayin gargaɗi, ko kuma idan mai laifin baƙo ne da ba a sani ba. Da zarar an rasa rai, kuma direban ɗan gida ne, sai a rufe wannan rumbu a buɗe na sallamawa.

5.0 Inda Aikau Yake Ɓacewa

Tsarin jimla ya fi zaɓen kalma ɓoye mai aiki. A dubi waɗannan misalai:

(1) An yi haɗari a hanyar Zariya.
(2) Haɗari ya rutsa da su.
(3) Mota ta ƙwace masa.
(4) Taya ta fashe, motar ta kife.
(5) Rai ya yi halinsa.

A jimla ta (1) an yi amfani da "an", wanda ba ya fayyace mai aiki. A ta (2) haɗarin ne aikau, kamar wani maharbi da ya yi kwanton ɓauna, mutanen kuwa, har da direba, abin farauta ne. Ta (3) ta fi sauran ban sha'awa. Mota ce aikau, an ba ta nufi irin na dabbar da ta tsinke igiya, direba kuma ya koma cikin "masa", matsayin wanda abu ya sama. A ta (4) aikatau biyun duka ƙi-karɓau ne, sun nuna abin ya auku da kansa. Ta (5) ta mayar da mutuwar ɗabi'ar rai. A kwatanta su da wannan:

(6) Ya yi gudun wuce sa'a a cikin gari, ya kasa tsayar da motar, ya kashe mutum uku.

Jimla ta (6) Hausa ce tsantsa, ba ta saɓa wa nahawu ba ko kaɗan, amma kunnen Bahaushe yana jin ta da kaushi, musamman aikatau "kashe". Wannan ya nuna cewa ba nahawu ne ya hana ba, al'adar kara da kunya ce take zaɓar wa mai magana jimla.

Akwai kuma lafazin da yake gabatar haɗarin. Ana cewa direba "ya ba ta wuta" ko "ya taka ta", cikin sautin yabo. A motocin haya ba abin mamaki ba ne a ji fasinja yana tsegumin cewa direba ba ya gudu. Ke nan a lokacin da gudu yake burgewa direba ne aikau, a lokacin da ya kashe kuwa mota ce aikau.

Wannan matsala ba ta Hausa kaɗai ba ce. A shekarar 2001 mujallar likitoci ta British Medical Journal ta sanar da daina amfani da kalmar Ingilishi da take nuna cewa irin wannan abu yana aukuwa ne bagatatan, bisa hujjar cewa galibinsa ana iya hango shi a kuma kauce masa.

6.0 Ƙaddara Ba Ta Kore Alhaki

Za a iya cewa lafazin sallamawa umarnin addini ne, don haka ba abin taɓawa ba ne. Gaskiya ne imani da ƙaddara rukuni ne na imani, kuma ba wanda zai so a tsaya a kan uwar da ta rasa ɗa ana lissafa mata laifinsa. Lafazin ta'aziyya yana da aikinsa: yana sanyaya zuciya, yana hana gaba tsakanin iyalai.

Amma shari'ar Musulunci kanta ba ta ɗauki ƙaddara a matsayin abin da yake share alhaki ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, wato ko wanda bai yi niyya ba ba a sallame shi hannu rabbana ba. Iyalan mamaci suna iya yafe diyya, kaffara kuwa tana nan a wuyan mai ita. Haka nan hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Saboda haka kuskuren ba ya cikin kalmar ƙaddara, yana cikin ɗauko ta daga zauren makoki a kai ta ɗakin labarai da ofishin bincike, inda aikin da ake buƙata shi ne gano sanadi.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Doka ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mallakar lasisin tuƙi, kuma tun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. A wasu ƙasashe an bi hanyar bayar da lasisi mataki-mataki, wadda Niyu Zilan ta fara a 1987, inda ake taƙaita wa sabon direba tuƙin dare da ɗaukar fasinja har sai ya goge. Irin waɗannan matakai ba sa samun karɓuwa sai jama'a sun yarda cewa abin yana da sanadi.

A nan masana Hausa suke da rawar takawa. Ya dace masu fassara da rubuta labarai su riƙa ambaton aikin da aka yi idan bincike ya tabbatar da shi, ba tare da cin zarafin mamaci ba. Ya dace saƙonnin wayar da kai su fuskanci abokai da fasinjoji da iyayen da suke miƙa wa yaro makullin mota, domin su ne 'yan kallon da ake yi wa bajintar. Ya kuma dace a tattara rahotannin haɗari na kafafen Hausa a ƙididdige tsarin jimlolinsu, domin a auna abin da wannan maƙala ta lura da shi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gudu yana da lissafin da ba ya sauyawa, kuma matashi yana hawa mota da raunin gogewa da na shekaru da na son burgewa. Ta kuma nuna cewa Hausa ba ta rasa kalmomin faɗar haka ba, sai dai kara takan sa a mayar da mota mai laifi. Muddin ana cewa "mota ta ƙwace masa" ba a tambayi irin gudun da yake yi ba, ƙanen mamacin da zai karɓi makulli gobe bai koyi komai daga rasuwar wansa ba. Hausawa sun ce "gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah", amma sai an faɗa masa abin da ya sami wanen.