Yadda Ake Ɗaura wa Fijo Mai Kafireto Regiletar Mai

Duk wanda ya saba ratsa garejojin bakin titin Zariya, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku, ya san tsohuwar Fijo 504 da ke tsaye bonet a ɗage, ko a-kori-kura ce ta ɗaukar buhuna ko wagon ce ta haya. Warin fetur ya cika wurin, ana taɓa totur salansa ta tofar da baƙin hayaƙi. In aka kwance fulogi ɗaya aka duba bakinsa, za a gan shi baƙi ƙirin, a jiƙe, kamar an tsoma shi a mai. Bakanike ya leƙa ya ce, "Alhaji, kafireton nan ya gaji, obafulo yake yi." A sauke shi, a wanke, a hura masa iska, a mayar, bayan kwana biyu mota ta dawo da ciwonta. Sau da yawa kafireton lafiyarsa lau. An dai haɗa shi ne da famfon mai da ya fi ƙarfinsa, kuma babu wanda ya tsaya ya auna turin man. Maganin wani ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, wato regileta. Sai dai a ganina regiletar da aka ɗaura babu geji, ko wadda ba ta dace da famfon da ke motar ba, asarar kuɗi ce, wani lokacin ma hanyar gobara ce. Awo ake fara yi, sannan a ɗauki sifana.

Sai an san yadda kafireto ke karɓar mai za a gane dalili. A jikinsa akwai ɗan kofi inda fetur ke taruwa kafin iska ta zuƙe shi zuwa cikin inji. A cikin kofin akwai fulot, wani abu mara nauyi da ke yawo a saman man, yana tokare da wata allura mai tsini. Mai ya cika, fulot ya taso, allura ta toshe ƙofa. Mai ya ragu, fulot ya sauka, ƙofa ta buɗe. Haka ƙwallon da ke cikin tankin ruwan saman gida yake aiki. Ƙarfin da ke rufe ƙofar nan tasowar fulot ce kawai, kuma ba ta da yawa: kafireton Solex irin na 504 yana son turin da ke kusa da psi 3, wato kamar bar 0.2. Nan ne masu musu ke kafa hujjarsu ta farko. Kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta, kuma masu kafireto ba su zo da wata regileta ba. To me ya sa yau za a ce sai da ita? Amsar tana cikin famfon asali da ke manne a jikin inji. A cikinsa akwai wata fata mai motsi, a bayanta akwai sifirin, kuma sifirin ɗin ne ke tura man. Da zarar allura ta rufe ƙofa, fatar ta tsaya, turi ba ya wuce ƙarfin sifirin. Ke nan regileta tana cikin famfon tun daga masana'anta, kuma ranar da aka cire famfon an cire ta tare da shi.

Fatar famfon asali takan tsage da tsufa, mai kyau kuma ya yi wuyar samu, ga kasuwar Ƙofar Ruwa da famfunan lantarki da aka ciro daga motocin Beljiyam masu injekta. Bakanike ya ɗauko ɗaya ya jona, mota ta tashi bugu ɗaya, kowa ya yi murna. Amma an ƙera irin wannan famfo ne don ya yi aiki a kusan bar 3, wato psi 43. Iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce 32 ba. A nemi ɗan fulot da aka yi domin psi 3 ya tare abin da ya ninka haka sau goma sha huɗu, ai an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ko famfunan lantarki da aka yi musamman domin kafireto, da yawansu suna ba da 5 zuwa 7, wanda ya yi wa Solex yawa. Wannan darasi masu tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji, irin su Pontiac GTO da ta fito a 1964 da Dodge Charger, sun daɗe da koyonsa, shi ya sa regiletoci da yawa a kasuwa dominsu aka yi. A nan akwai tarko. Kafireton Holley da ake yawan ɗora wa waɗancan motoci yana son psi 5 zuwa 7, kuma sananniyar regiletar kamfanin tana aiki ne daga 4.5 zuwa 9. In aka sa wa Fijo ita, ko an sassauta ta har ƙarshe ba za ta sauko inda ake so ba. Wadda ta dace ita ce mai aiki daga 1 zuwa 4.

Saboda haka matakin farko shi ne a samo geji na ƙaramin awo, mai karantawa daga 0 zuwa 15, a jona shi da mahaɗa mai baki uku a tiyon da ke shiga kafireto, a ta da inji a karanta. In ana zargin famfon injekta ne a motar, kada ma a sa masa wannan geji, a duba lambar jikin famfon. Idan allurar geji ta tsaya wajen 3 amma kafireto na ci gaba da ambaliya, to laifin na allurar kofi ne da ta cinye, ko fulot ya huje ya sha mai, ko datti ya maƙale a ƙofa, kuma regileta ba za ta gyara ko ɗaya ba. Idan ta nuna 5 ko 7, regileta mai toshewa ta isa: ita tana da mashiga da mafita, tana rage man da ke wucewa, sauran ya tsaya a bayanta. Idan kuwa famfon injekta ne, mai toshewa ba ta da amfani sam. Famfon zai yi ta turi a kan rufaffiyar ƙofa, ya yi zafi, turi ya riƙa silalowa yana hawa, tiyo ya kumbura har wata rana ya fashe a kan inji mai zafi. Shi sai regileta mai mayarwa, wadda ke da baki na uku da ke komar da rarar mai cikin tanki. Gaskiyar da ya kamata bakanike ya gaya wa mai mota ita ce, sau da yawa ya fi araha a ajiye famfon injektan, a sayi na ƙaramin turi. Mai mayarwa tana da tata falala a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, domin man da ke zagayawa ba ya tsayawa ya tafasa a tiyo ya hana mota tashi bayan an kashe ta, amma aikinta ya fi yawa.

Ranar ɗaurawa a bar inji ya huce sarai. A fili ake aikin, nesa da mai walda da mai sigari, da abin kashe wuta da bokitin yashi a kusa. In famfon lantarki ne, a zare fiyus ɗinsa a bar inji ya shanye man da ke tiyo ya mutu da kansa, sannan a cire kan batir na ƙasa. Jerin kayan daga baya zuwa gaba haka yake: tanki, filta, famfo, wata filta, regileta, geji, kafireto. Famfon lantarki ya fi iya turi da ja, don haka wurinsa kusa da tanki ne kuma ƙasa-ƙasa. Ita regileta kusa da kafireto take zama, tazarar da ba ta wuce kamu biyu ba, a ɗaure ta da ƙarfen riƙo a jikin bodi ta gefen da ba na manifol ɗin salansa ba. Ana yawan ganin an bar ta tana lilo a tsakiyar tiyo. Nauyinta da girgizar hanya za su ci bakin tiyon, kuma wurin da zai ɗiga shi ne saman inji.

A jikinta an rubuta IN a mashiga, OUT a mafita. Wasu na da mafita biyu, sai a ɗaura geji a ɗayar ko a toshe ta da marfinta. Bakin da zarensa ke tsukewa yana son ɗan man liƙi mai jure fetur, a bar zare biyu na farko babu komai. Farin tef na masu famfon ruwa ya fi kyau a guje shi, domin ɗan yankinsa guda in ya shige ya tokare allurar kofi, an dawo gidan jiya. A ɗaure da sifana daidai ƙarfin hannu, saboda jikin regileta alminiyom ne ko wani ƙarfe mai laushi, yana tsagewa. Tiyo kuwa ba a tsimi a kansa. Farin tiyon roba na awon gini da tiyon ruwa ba su da wuri a nan, fetur yana busar da su. A nemi baƙin tiyon mai, mai zare a ciki, mai faɗin milimita 8. Mai rubutun SAE J30R7 ya isa ƙaramin turi, amma tsakanin famfon injekta da regileta sai J30R9. Kowane baki da kilif ɗinsa na ƙarfe, ba waya ba, ba igiyar tayar babur ba. Tiyon mayarwa kada ya fi na kawowa ƙanƙanta, in ba haka ba turi ba zai sauko ba ko an sassauta regileta. Idan tankin ba shi da bakin karɓar rara, a zaro faifan awon mai a yi hudar a jikinsa a waje. Tankin da ke da tururin fetur ba a huda shi, ba a kai masa wuta. Tsohon famfon inji kuma a raba shi da hanyar mai gaba ɗaya, domin tsagaggiyar fatarsa kan zubar da fetur cikin baƙin mai.

Wutar famfon ta biyo ta rile da fiyus, ta ɗauke in an kashe makulli. Mafi kyau a ƙara mata makunnin da ke yanke ta idan inji ya mutu, don kada a yi haɗari famfo ya ci gaba da fesa mai.

Saiti shi ne zuciyar aikin. A saman regileta akwai sukuru da notin kulle. A sassauta notin, a juyo sukurun baya don a fara daga ƙasa. A mayar da fiyus da kan batir, a murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba, a saurari gunjin famfo, sannan a bi kowace mahaɗa da farar takarda. Ɗigon da ido bai gani ba takarda za ta nuna shi. In ko'ina a bushe yake, a ta da inji ya ɗumama a silo. Juyi zuwa dama yana ƙara turi, zuwa hagu yana ragewa, kwatan juyi ake yi kowane karo ana kallon geji har ya zauna a 3. Da mai toshewa, in an rage sai a ɗan jira, saboda man da ya riga ya wuce sai inji ya shanye shi kafin geji ya sauko. A riƙe sukurun a ɗaure noti, a sake karantawa, domin ɗaurin kan motsa shi. Daga nan a taka totur: geji zai ɗan rusuna ya koma. In ya faɗi kusa da sifili, a duba filta, ko tiyo ya lanƙwashe, ko hancin shaƙar iska na tanki ya toshe. Gejin da ke da ruwa a cikin gilashinsa yakan nuna ƙasa da gaskiya in ya yi zafi, saboda haka kada a bi shi ana ƙara turi da rana tsaka.

Akwai kanikawan da za su ce duk wannan tsawaita zance ne, ai ana lanƙwasa harshen fulot, ko a matse tiyo, ko a sa ɗan famfon rufewa a hanya. Dabarar tana aiki a gareji, shi ya sa take da farin jini. Amma matse tiyo yawan man da ke wucewa yake ragewa, ba ya rage turinsa. A silo, lokacin da inji ke shan kaɗan, turi zai taru ya sake danne allura, a kan babban titi kuma, lokacin da inji ke neman mai da yawa, matsatsiyar hanya ta hana shi. Lanƙwasa fulot kuwa yana sauya tsayin mai a kofi, wanda a kansa aka auna duk jet ɗin kafireto. Shi ya sa bayan an saita regileta dole a buɗe kofin a mayar da fulot ma'auninsa na asali, sannan a sake saita iska da silo. Akwai kuma direban da zai ce, "Oga, sauke min ita zuwa 1 mana, ta rage shan mai." Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, babu mai ganin laifinsa. Amma regileta tana hana zubar da ke faruwa ne kawai, ba ta sauya abin da inji ke buƙata. In aka sauke ta ƙasa da kima, kofi zai riƙa ƙafewa da lodi, mota ta yi ta shaƙewa, inji ya yi zafi, bawul ya ƙone, kuɗin gyaransa ya cinye abin da aka tara.

Gwajin ƙarshe a kan hanya ake yinsa. A hau titin Zariya a wuce Na'ibawa, a ba ta wuta na 'yan mintuna, da kaya in mai ɗaukar kaya ce. A dawo a kashe, a bar ta minti goma, a sake bi da takarda, a ga ko za ta tashi ba tare da an danne totur ba. Bayan kwana biyu a ƙara matse kilif-kilif, domin sabon tiyo yana kwantawa, a kwance fulogi a duba: ruwan ƙasa-ƙasa ake nema, a bushe. Sannan a zaro sandar awon baƙin mai a sansana. Motar da ta daɗe tana obafulo fetur ya riga ya gangara ta gefen fistan ya tsinka mata baƙin mai, kuma in an ji warinsa a sandar, a yi juye a sauya filtar baƙin mai kafin ta ɗauki lodi na gaba.