Yadda Ake Rage Lokacin Zagaye a Wasannin Tseren Mota na Burauza

Yawancin masu buga tseren mota a burauza sun ɗauka cewa wanda ya fi danne totur shi ke cin tsere. A wasa irin su PolyTrack, wanda ya ɗauko salonsa daga TrackMania da kamfanin Nadeo na Faransa ya fitar a 2003, abokin hamayyarka agogo ne, kuma abin da ke rage lokaci a agogon shi ne gudun da ka fito da shi daga kwana. Lissafin a fili yake. Mota mai gudun kilomita 180 a awa tana cin mita 50 a daƙiƙa. Idan ka jinkirta taka birki da mita 5 a kwanar da ake shiga da gudun 90, ribarka kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ce. Amma idan kyakkyawar fita ta ɗaga matsakaicin gudunka daga 140 zuwa 150 a miƙaƙƙiyar hanya mai mita 300, ka ci rabin daƙiƙa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan bambanci aka gina su.

Mataki na farko, zaɓi hanya guda ka zagaya ta sau da yawa a hankali, kana neman alamomi: ginshiƙi, canjin launin kwalta, bakin gada. Ga kowace kwana ka tsayar da alamar taka birki da alamar fara juyawa. Kada ka riƙa sake farawa da zarar ka yi kuskure, domin mai wannan ɗabi'a yakan ƙware a kwanoni uku na farko ya bar sauran bai san su ba. Mataki na biyu, yi amfani da faɗin titin gaba ɗaya. Idan kwanar ta dama ce, taho ta gefen hagu, ka shafo bakin ciki, sannan ka bar motar ta buɗe zuwa hagu. Hakan yana miƙar da lanƙwasar, kuma a lissafin riƙon taya, faɗaɗa ta da kashi 21 cikin 100 yana ba da ƙarin gudu na kashi 10. In miƙaƙƙiyar hanya ce ke bin kwanar, ɗan jinkirta juyawa ka taɓa bakin ciki bayan tsakiyarta, don hancin motar ya fuskanci mafita da wuri.

Mataki na uku shi ne raba aikin taya. Riƙonta a ƙasa yana da iyaka, abin da birki ya ci kuwa sitiyari ba zai samu ba. Saboda haka ka gama yawancin birki motar tana miƙe, ka saki, ka juya, ka koma kan totur da zarar za ka iya riƙe shi ba tare da sake ɗagawa ba. Mataki na huɗu ya shafi yatsu. Madannin kwamfuta ba shi da tsaka-tsaki, ko ya juya sitiyari gaba ɗaya ko ya sake shi. A doguwar kwana, idan ka danne kibiyar dama ka riƙe, motar za ta nausa ciki, ka gyara da hagu, ta yi tangal-tangal, gudu ya zube. Ka riƙa ɗan taɓawa kana saki, taɓi gajeru a jere, idonka yana kan mafitar kwanar maimakon kan motar. A wurin tsalle kuma, daidaita motar tun kafin ta bar ƙasa, domin a sama taya ba ta da abin riƙewa.

Wani zai ce ai a gasar Formula 1 masu jinkirta birki ne ke wuce mutane. Gaskiya ne, amma suna yi ne don su tare wa abokin hamayya hanya, sau da yawa ma dukansu biyu suna asarar lokaci a wannan kwanar. Mai tsere da agogo ba shi da wanda zai tare. Wani kuma zai ce waɗannan wasanni ba su bin ƙa'idar mota ta gaske, a wasu ma zamiya da gangan ta fi sauri. Wannan ƙorafi yana da tushe, maganinsa kuwa gwaji ne, wato mataki na biyar. Kunna inuwar motar da ke maimaita zagayenka mafi kyau, ka canza abu ɗaya tak a kwana ɗaya, ka yi zagaye biyar da zamiya, biyar babu ita. Kada ka yanke hukunci a tsakiyar kwanar. Duba inda inuwar take a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar da ke biye. Ko zamiyar ce ta yi nasara, za ka tarar ta yi ne saboda ta juyar da hancin motar zuwa mafita da wuri.

Mataki na ƙarshe, gyara na'urar. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa yana sabunta allo kusan kowane kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa. In ya faɗo 30, motar da ke gudun 180 ta yi fiye da mita ɗaya da rabi tsakanin hoto da hoto. Rufe sauran shafukan burauza, ka jona laftof da caji, ka rage ingancin hoto har motsi ya daidaita. Daga nan ka koma kwanar da ke fita zuwa miƙaƙƙiyar hanya mafi tsawo, ka taka birki da wuri fiye da yadda zuciyarka take so. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma bayan wannan kwanar za ka fara ganin inuwarka ta koma bayanka.