Kafin Mota Ta Kwanta: Shawarwari Ga Masu Mota Daga Bebeji Zuwa Doguwa

A garuruwanmu motar gida ta unguwa ce gaba ɗaya. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke kai amarya, da kaka kuma ta koma ɗaukar buhunan masara da shanshera. Duk da haka yawancinmu ba ma tuna hanyar gareji sai ta tsaya cak. Mazaunin birnin Kano yana iya wannan sakaci, tunda Kasuwar Ƙofar Ruwa na kusa da shi. Wanda ke Riruwai ko Kiru kuwa, wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba sai an ba direban haya sautu, mota ta kwana biyu a kan duwatsu tana jira.

1. Riƙe bakanike ɗaya. Mota kamar mara lafiya ce, mai canza likita kullum daga farko ake fara masa. Ka zaɓi wanda direbobin tasha ke kai wa nasu, domin su da motar suke ci, ba sa komawa inda aka cuce su. Kuma ranar aiki ka zauna a wurin. Idan ka ajiye makulli ka tafi kasuwa, yaran gareji ne za su koyi aiki a jikin motarka, ogan yana can ƙarƙashin motar wanda ya tsaya.

2. Juyen baƙin mai shi ne uwa uba, a nan kuma aka fi yaudarar kai. A hanyoyinmu masu ƙura, kada man gama-gari ya wuce kilomita 5,000 ko wata 6 a cikin inji, duk wanda ya riga cika. Ka lura da abu ɗaya: motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda ya jira agogonsa ya nuna 5,000 ya riga ya yi kilomita 8,000 bai sani ba. Ciko ba juye ba ne. Zuba sabon mai a kan tsoho kamar ƙara ruwa ne a miyar da ta kwana uku.

Man ka saye shi da kanka, galan a rufe, a buɗe shi a gabanka. Na awo da ake tsiyayowa daga duro a gefen titi, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Ka dubi murfin da ake zuba man, motoci da dama an rubuta lambar da injin ke so a kansa. In an rubuta 5W-30, kada ka yarda a ce maka "ƙasarmu da zafi, mai kauri ya fi". Mai kauri irin 20W-50 na tsofaffin injina ne. A sabon inji ba ya saurin hawa sama da safe, ƙarfe ya yi ta gogar ƙarfe kafin ya iso. Kowane juye kuma da sabuwar filtar mai. Wanda ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa: kuɗin galan ɗaya ina, kuɗin injin da ya buga ina.

3. Da hunturu ka buɗe filtar iska duk mako biyu. Kaɗe ta a hankali, ka ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Hura ta da injin mai faci yakan yaga takardar, ƙura ta sami ƙofa kai tsaye zuwa cikin inji.

4. Lagireto. Wannan da kaina na ɗanɗana. Na taso daga Kwanar Dangora zan je Doguwa, na wuce Tudun Wada lafiya, ina shiga dajin Falgore sai allurar zafi ta miƙe. Maimakon in tsaya, na ce bari in ɗan lallaɓa. Ban yi nisa ba tururi ya turnuƙe daga bonet. Da aka jawo motar gari, bakaniken, dattijo ne, ya ciro gejin mai ya miƙo mini. Man ya koma kalar shayi da madara.

"Malam, gasket ya ƙone. Wane ruwa kake zuba mata?"

"Na rijiya, Baba."

Bai ce komai ba, ya kwance tiyon ƙasa ya bubbuga shi a dutse. Tsatsa da farin gari suka zubo kamar toka.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri da tsatsa da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Ka sayi ruwan lagireto na galan, mai launin kore ko ja, wanda ya dace da motarka. Duba shi da safe kafin ka tayar da inji, kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin da zafinsa, ya sha ƙona fuskokin mutane. Allura na hawa, ka gangara gefe ka kashe.

Akwai kuma al'adar cire tamostat a haɗa fanka "dairek", wai motar Turai ce an yi ta don sanyi. Ni ban yarda da ita ba. In mota na zafi akwai dalili: toshewa, yoyo, fanka ko famfon ruwa. Cire tamostat rufe ciwon ne kawai, sannan injin ya daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da sanyin safiyar Riruwai, ya yi ta shan fetur a banza.

5. Birki ba a yi masa "bari sai gobe". Da ka ji ƙarar ƙarfe in ka taka, ko ƙafarka na nutsewa ƙasa, ka nufi gareji a ranar. Man birki a canza shi duk shekara 2, da lambar da ke kan murfinsa, DOT 3 ko DOT 4. Har yanzu akwai masu zuba ruwan omo in man ya ƙare. Ruwa yana tafasa idan birki ya ɗau zafi, a gangare da lodi kuwa nan ne ƙafa za ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. A doguwar gangara ka sauko da ƙaramar giya, ka bar birki ya huta.

6. Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar Beljiyam kan zo da zanenta raɗau alhali robar ta tsufa ta bushe, kwaltar Zariya da rana tsaka kuma ba ta yi mata sauƙi. Awon iska yana rubuce a jikin ƙofar direba, a ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35 ne. Mai faci in ka ƙyale shi sai ya kai 50, yana bugun tayar da ƙarfe yana cewa yanzu ta yi. Safaya ma a duba ta, da jak da abin kwance ƙusa. Da yawa sai a daji suke gane cewa tasu ta sace tun bara.

7. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa lita biyar-biyar yake sha, fitilar mai a kunne kullum. Famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. In ana yawan barin tanki a ƙasa, sai ya yi ta zafi yana zuƙar datti har ya ƙone. In da hali kada ya sauka ƙasa da kwata. In dole ta sa ka sha wajen 'yan bumburutu, a tace da ƙyalle mai tsabta.

8. Kafin a kwance komai, ku yi ciniki: kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban. Ka tambaya sabo za a sa ko na Beljiyam. Ga abin da ya shafi bodi, ƙofa ko fitila, na hannu ya wadatar, wani lokaci ma ya fi sabon jabu ƙarko. Ga taimin bel, takalmin birki da filta, sabo kawai. Tsohon da aka cire a saka maka a but. Bakanike na gari ba ya jin haushin wannan. Kai ma ka biya shi haƙƙinsa a ranar, ka ba yaran na abinci. Mai bin ka bashi ba zai ɗauki wayarka da ƙarfe biyun dare ba.

9. Sau biyu a shekara ka kai ta duba na gaba ɗaya ko da lafiyarta ƙalau. Na farko kafin ruwa ya sauka: roban goge gilas, fitilu, batir, da robobin ƙafa, domin in ɗaya ya yage taɓo ne zai cika shi. Na biyu bayan an gama jigilar amfanin gona, lokacin da lodi ya gama gasa shokazoba da sifirin. Ka sayi ɗan littafi mai ganye 20 ka ajiye a aljihun mota: kwanan wata, lambar agogo, abin da aka canza, nawa aka biya. In rubutu na ba ka wuya, ka ba ɗanka na makaranta ko uwargida su riƙe, ku ajiye kuɗin juye na gaba a cikinsa tun ranar da aka sayar da masara.